Abin da Na Zuba a Gwangwani na Uku

Litinin, 2 ga Yuni

Yau kwana tara ke nan injin Baba yana juyi a tsakar gidana. Gurr-ƙwaram, gurr-ƙwaram, tun daga wayewar gari. Shekara goma sha biyu ina ɗinki, ban taɓa jona hannun dama a kafaɗar hagu ba sai yau. Sau biyu ina farkewa.

Kuma ba ni da wanda zan kai wa ƙara, don ni na jawo. Bayan rasuwar Inna ni na matsa ya dawo wurina, ni da bakina na ce gidana akwai fili. Shekara arba'in yana wasa ƙarfe a shagonsa, hannunsa ya fara rawa, Yaya ya karɓi shagon ya ce ya je ya huta. To ga hutun: ya samo injin tsohuwar na'urar wanki, ya ɗaura masa bel, ya yanko wani ƙaton bututun roba ya toshe bakinsa biyu, ya cika shi da tsakuwa da ruwa da wani baƙin gari. Wai duwatsu yake gogewa.

Na ce, “Baba, in sun gogu a yi me da su?”

Ya ce, “A kalla.”

A kalla! Allah ka ba ni haƙuri.

Laraba, 4 ga Yuni

Ashe baƙin garin nan sharar shago ce. Ƙurar da ke zuba ƙarƙashin injin wasa ƙarfe, wadda ake kwashewa a kai bola, ita ya sa aka ɗuro masa buhu guda. Yana jingine kusa da igiyar shanyata.

Da na yi magana sai ya zaunar da ni kamar 'yar makaranta. Wai faifan dutsen da ke jikin injin shagon kullum raguwa yake, daga faɗin faranti har ya koma kamar murfin kwalba. “Ina yake zuwa, Auta? Shekara arba'in ina wannan tambayar. Yana cikin sharar nan. Abin da ya ci ƙarfe ba zai kasa cin dutse ba.”

Na ce to. Me zan ce? Abinci yana kan wuta.

Maigida kuwa dariya kawai yake yi. Wai shi ƙarar har barci take sa shi. Ina ruwansa, ai da safe ficewa yake ya bar ni da ita.

Asabar, 7 ga Yuni

Innalillahi. Har yanzu ban huce ba.

Rigunan aikin wata nas ta asibiti guda uku, farare tas, na gama su jiya, na ɗauraye na shanya don in goge ta zo ta karɓa da yamma. Ina cikin ɗaki na ji fam! Na fito da gudu ko takalmi babu. Murfin bututun ya yi tsalle, jan ruwa ya fallatsu ko'ina, bango, ƙofa, rigunan nan uku daga wuya har ƙasa. Tsatsa ce zalla. Na sa sabulu, na sa lemon tsami, na sa duk abin da na sani. Sai ma ƙara bajewa take.

Baba yana tsaye da murfin a hannu, gemunsa duk ja, ko rigunan bai kalla ba. Abin da ya ce kawai, “Ƙarfen ya yi yawa a ciki. Shi ya yi tsatsa ya kumbura shi.” Har da gyaɗa kai, kamar wanda aka yi wa albishir.

Nas ta zo. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ɗaga riga ɗaya da yatsa biyu ta ce, “Litinin da me zan shiga aiki?” Na ce gobe da yamma ta dawo. Yanzu ga yadi a gabana, daga farko.

Lahadi, 8 ga Yuni

Na kira Yaya. Na faɗa masa komai, har na ƙara da abin da ba a tambaye ni ba.

Ya ce ai da ma ya faɗa. Akwai ɗaki a saman bene a gidansa, da talabijin da fanka, sai dai a yi masa fenti. Ba fili, ba buhu, ba inji. “Can zai huta da gaske.” Ya ce ranar Asabar 12 ga wata mai zuwa zai zo da mota, injin kuma ya haɗa shi da tarkacen shago. Ya ce kuma daga yau ko cokali ɗaya na sharar nan ba za a sake ba shi ba.

Na ce Allah ya kai mu. Na kashe waya na ji sakayau. Ban faɗa wa Baba ba tukuna, Yaya ya ce shi zai faɗa masa.

Talata, 10 ga Yuni

Baba bai ce mini “yi haƙuri” ba, bai iya ba. Sai na tarar ya wasa mini almakashina duka huɗu, ya jera su a kan keken ɗinkina. Suna yanka kamar sababbi. Haushi ya hana ni godiya sai da rana ta yi.

Yanzu kuma sabon salo. Ya fasa tsohuwar lasifikar Maigida ya ciro mayen ƙarfen da ke bayanta, ya sa shi cikin leda, yana bi da shi kan garin da ya baje a tire. Ƙarfen sai ya taso ya manne wa ledar, gashi-gashi. Ya janye mayen, ya zube a gefe. Ya sake. Ya sake. Tun hantsi har la'asar. Abin da ya rage a tiren ɗan kaɗan ne, toka-toka, wai shi ne dutsen.

Na tsaya kallo ta taga, ban ankara ba dutsen guga ya kusa cin mayafin mutane.

Laraba, 11 ga Yuni

Bokitaina uku sun tafi. Wai tacewa yake. Ya zuba garin a ruwa ya dama, ya ƙirga goma, ya tsiyaye ruwan saman a bokiti na biyu. Abin da ya kwanta a na farko shi ne Tsaki. A na biyu ya ƙirga sittin ya sake tsiyayewa, wannan Matsakaici. Na uku sai ya kwana kafin ya kwanta, shi ne Luƙui. Kowanne ya shanya shi ya bushe, ya zuba a gwangwaninsa, ya rubuta suna da fenti.

Rabin ruwan a ƙafarsa yake ƙarewa saboda rawar hannu. Na ce in kama masa, ya ce a'a. To shi ke nan, ni ma ba so nake ba.

An sake kunna inji da Tsaki. Kwana bakwai. Sannan Matsakaici kwana bakwai, sannan Luƙui kwana bakwai. Na duba kalanda, zai gama kafin Yaya ya zo. Ko ba komai ya ga duwatsunsa kafin a tafi.

Juma'a, 13 ga Yuni

Gurr-ƙwaram. Ba abin da zan rubuta.

Laraba, 18 ga Yuni

An buɗe zagayen farko. Ya kira ni har sau uku, na fito da allura a baki. Duwatsu ne dai, sun rage kaifi, fatau da su kamar an shafa musu toka. Ya ɗauki ɗaya ya tsoma a ruwa, sai ga jan layi ya fito a jikinsa, da wani fari-fari a gefe. Ya ce in an gama haka zai zauna ko ba ruwa.

Na ce ya yi kyau. Ya ɗan yi kyau ɗin, ba ƙarya.

Sai da ya yi awa biyu yana wanke bututun da tsohon buroshin haƙori. Wai ƙwayar Tsaki ɗaya in ta bi su zuwa gaba, ta ɓata aikin mako. Mutumin da ba ya iya tuna inda ya ajiye hularsa.

Yaya ya zo da yamma ya faɗa masa maganar ɗakin bene. Baba ya ce, “Ina da aiki a hannu.” Yaya ya ce wane aiki. Baba ya ci gaba da goge-gogensa. Da zai tafi Yaya ya ce mini in bar shi da shi, ranar za ta zo.

Litinin, 23 ga Yuni

Baba ya tafi ganin likita da Maigida, na ce bari in samu in share tsakar gidan nan da ta koma kamar bayan shago. Tsintsiya ta taɓa gwangwanin Tsaki, ashe bai rufe shi da kyau ba, ya kife. Ba da yawa ya zube ba, kamar cokali biyu. Na tattara da takarda tsaf, don na san wahalar da ya sha. Na zo mayarwa, murfin ya gangara ƙarƙashin inji, ga waya tana ta kuka a ɗaki. Sai na buɗe gwangwanin da ke kusa da hannuna na juye, na girgiza, na rufe. Daga baya na zaro murfin na rufe wancan.

Gari dai gari ne. Duk launinsu ɗaya.

Likita ya ƙara masa magani. Ya ce rawar ba za ta ragu ba, sai dai a rage mata gudu.

Laraba, 25 ga Yuni

Ya zuba Luƙui yau, zagayen ƙarshe. Har da sa sabuwar riga. Ƙarar ma ta canza, ta koma shuu-shuu. Ko ni ce na saba?

Asabar, 28 ga Yuni

Ɗinki ya yi mini yawa. Mai kawo zare ya kawo shuɗi maimakon kore, ya tsaya yana rantsuwa wai shuɗi na ce masa. Baba kullum sai ya kara kunne a jikin bututu. Ya ce saura kwana huɗu.

Laraba, 2 ga Yuli

Ban san ta inda zan fara ba.

Ya sa mu duka muka fito, ni da Maigida, har kujera ya jawo mini. Ya buɗe, ya juye a rariya, ya ɗauraye, ya goge ɗaya da gefen rigarsa ya ɗaga wa rana. Sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ɗauki wani. Ya ɗauki wani. Duk jikinsu karce ne, sirara-sirara, ta ko'ina, kamar an bi su da allura. Ba sheƙi ko kaɗan.

Maigida ya ce ai sun yi kyau haka. Baba bai ko dube shi ba. Ya jawo gwangwanin Luƙui, ya zuba kaɗan a tafin hannu, ya murza da yatsa. Ya daɗe yana murzawa. Sannan ya ce, a hankali, “Akwai Tsaki a ciki.”

Nan take na tuna. Gwangwanin da ke kusa da hannuna ranar Litinin ɗin da na yi shara. Na uku.

Na buɗe baki ke nan sai ya ce, “Ni na tace shi. Ni na shanya, ni na rufe. Ko na zuba a inda ba nan ba, ko hannun bai ji ba.” Ya dubi hannun nasa yana rawa a kan gwiwa. “Da ina rufe ido in gaya maka lambar faifan da ya zubar da gari. Ashe har wannan ya tafi.”

Sai na rufe bakina. Wallahi na rufe shi. Ya tashi ya zare wayar injin daga bango, ya naɗe ta, ya shiga ɗaki.

Alhamis, 3 ga Yuli

Shiru. Na ɗinka riga biyu da siket kafin azahar, ba kuskure ko ɗaya.

Abin da nake nema ke nan, ko ba shi ba?

Asabar, 5 ga Yuli

Shi da kansa ya kira Yaya ya ce ya amince, a zo ranar da aka sa. Yaya ya kira ni yana murna, wai me na yi masa ya sauko haka. Na ce ba abin da na yi.

Yana zaune a ƙofar ɗaki tun safe. Ba ya kallon komai. Na kai masa shayi, ya ce in ajiye a ƙasa kada ya zubar. Da ko zai zuba rabi a jikinsa sai ya karɓa da hannunsa, in ka yi magana ya harare ka. Na ba shi wuƙar kicin na ce ta dakushe, ya juya ta ya miƙo mini, wai in kai wa yayana, shi da wannan hannun nasa lalata ta kawai zai yi.

Haushi nake ji, ban san na wa ba. Cokali biyu fa! Wa ya ce ya bar murfi a sake? Wa ya ce ya jera su a hanyar tsintsiya? Kuma in na faɗa, ya sake jona wannan abin, Yaya ya ce ni ba ni da magana ɗaya, ni na kira shi ina kuka ni kuma na dawo ina hanawa. Mako ɗaya ya rage. In na yi shiru mako ɗaya, shi ke nan.

Litinin, 7 ga Yuli

Ya fara haɗa kaya. Ya kira mai kwasar shara ya ce ya tafi da buhun da gwangwanayen. Na ce wa mutumin ya bari sai wani satin, buhun ya yi nauyi. Ya ce shi bai ga nauyi ba. Na ce na ce ya bari!

Na faɗa wa Maigida gaskiya da muna karyawa. Ya ajiye kofi ya dube ni. Ya ce, “To ni me kike so in ce? Tsohon nan yana can yana zaton ya ƙare.” Na ce ai na sani, ba sai ya faɗa mini ba. Ya ce to. Wannan “to” ɗin nasa ya fi zagi ciwo.

Laraba, 9 ga Yuli

Na faɗa.

Ba yadda na tsara ba. Na shiga da wankinsa, na tarar yana ƙoƙarin sa maɓallin riga ya kasa, ya bari, ya zauna haka ƙirji a buɗe. Sai kawai na ji bakina yana cewa, “Baba, ni ce. Ni na zuba Tsaki a gwangwani na uku.” Na faɗi tsintsiyar, da murfin, da wayar. Na ce tun ranar da aka buɗe na gane, na yi shiru.

Ina jira ya ce Allah ya isa ko ya ce ba komai, ko wanne na shirya masa. Sai ya ce, “Cokali nawa?”

Na ce kamar biyu.

“Kika girgiza?”

Na ce na girgiza.

Ya ce, “Kika girgiza.” Ya rufe ido. Na ga leɓensa yana motsi, na zaci kuka zai yi, ashe lissafi yake. Ya buɗe ido ya ce to tacewarsa daidai take ke nan. Sau biyu ya faɗa. Sannan ya tashi da rigar a buɗe ya fita tsakar gida, ya ɗaga murya yadda rabon da in ji tun ina yarinya: wace irin 'yar mai wasa ƙarfe ce ba ta san tsaki da luƙui ba, ni da nake raba zare fari da fari-fari, da wani ya haɗa mini allurar keke da ta hannu a gwangwani ɗaya ya zan ji? Maƙwabciya har ta leƙo ta katanga.

Maganar shirun da na yi mako guda kuwa bai ta da ita ba. Da ya tayar da na fi samun sauƙi.

Alhamis, 10 ga Yuli

Bayana kamar zai balle. Ya ce tunda ni na haɗa ni zan raba. Ni ke dama, ni ke ɗaga bokiti, shi yana zaune yana ƙirga yana ba da umarni. “Tsiyaye! A hankali! Ke ruwan wanki kike zubarwa?” Na wuce goma da ɗaya, ya sa na sake daga farko. Duwatsun kuma sai sun koma Matsakaici, mako biyu ke nan nan gaba.

Farcena duk ya yi baƙi. Gobe akwai farin leshi a gabana, ban san yadda zan taɓa shi ba.

Asabar, 12 ga Yuli

Yaya ya zo da mota tun ƙarfe tara, har da igiyar ɗaure kaya. Tun daga ƙofa ya ji ƙarar, ya tsaya. Ya ce, “Auta, mene ne wannan kuma?”

Na ce inji ne.

Ya ce ya san inji ne. Ya ce ba ni na kira shi ba? Ba ni na ce zan haukace ba? An yi fenti, an sa labule, matarsa ta share ɗaki tun jiya. Duk gaskiya ya faɗa, na tsaya ina jin kunya kamar in nutse. Na ce yanzu dai ba zai yiwu ba, akwai aiki a ciki, in aka tsayar garin zai daskare a jikin duwatsun. Ya ce tun yaushe na zama injiniya. Na ce kuma Luƙui ya yi kaɗan, a tara mana sharar ƙarƙashin babban injin, ban da ta wurin walda, ita ƙarfe ya yi mata yawa. Ya dube ni, ya dubi Baba da ko ɗagowa bai yi ba, ya ce mu biyun duk sai a hankali. Ya ƙi shan shayi. Amma buhun da na miƙa masa don tara sharar ya jefa a bayan mota.

Ba wai na sauya ra'ayi ba ne. Abin da na ɓata nake gyarawa, in an gama wannan zagayen sai a sake magana. Ƙarar tana nan yadda take, kaina ma ciwo yake yanzu haka.

Da za mu kwashe Luƙui da ya bushe, Baba ya ce in je in wanke hannu har ƙarƙashin farce. Na ce na wanke. Ya ce in sake. Na ce Baba sau biyu na wanke, da buroshi, ni ba yarinya ba ce. Ya ce kawo.

Ya kama hannuna, nasa yana ta rawa har nawa na rawa tare da shi. Ya rufe ido. Ya bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya wuce, ya dawo, ya tsaya a gefen farcen babban yatsa. Ya ɗan karta, ya ɗora abin a tafin hannuna. Sai da na kai shi rana sannan na gani. Ƙwaya ɗaya tak.

Ya daɗe bai saki hannun ba.

Na koma na sake wankewa.